Pi-hole: mai gadin talla na gida, amma sai da wuta tsayayya

Pi-hole manhajar toshe talla ce ta kyauta, buɗaɗɗiya (kowa na iya duba yadda aka rubuta ta), wadda Jacob Salmela ya fara a 2014. Aikinta ɗaya ne. Duk wayar da ke kan waifai ɗin gida, kafin ta buɗe shafi, sai ta tambayi DNS, wato sabar da ke fassara sunan shafi zuwa adireshin lambobi, adireshinsa. Pi-hole ke zama wannan DNS ɗin. In sunan da aka tambaya na cikin jerin masu talla da leƙen asiri, sai ta mayar da 0.0.0.0, adireshin da ba ya kaiwa ko'ina, tallar ba za ta ma taso ba balle ta ci data. Wannan ne ya sa take kama tallan da ke cikin manhajojin waya da talabijin mai intanet, inda abin toshe talla na burauza ba ya kaiwa.

Ba ta da ci. RAM na 512MB da fili 2GB sun ishe ta, don haka 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi Zero 2 W ma na ɗaukarta, tsohuwar laptop kuwa har da saura. Sai dai Zero ba ta da ramin kebul, waifai na 2.4GHz kawai gare ta. In da hali, Pi 3 ko 4 da kebul zuwa rauta ya fi. Don girka ta, layin umarni ɗaya ake sakawa a na'urar: curl -sSL https://install.pi-hole.net | bash. Kafin nan a ba na'urar adireshin IP tsayayye a rauta, misali 192.168.1.2, domin shi za a sa a gurbin DNS, kuma ranar da ya sauya, gidan duka zai rasa intanet alhali sigina na cike. Sigar 6 da ta fito a Fabrairun 2025 ta sauƙaƙa abubuwa: an sallami lighttpd da PHP, manhajojin da shafin sarrafa ta ya dogara da su a da, saituna sun koma fayil guda, /etc/pihole/pihole.toml, kalmar sirri kuma da pihole setpassword ake sauya ta. Mai Ubuntu zai iya tarar da systemd-resolved, mai kula da DNS a Ubuntu, ya riga ya riƙe ƙofa ta 53, wadda tambayoyin DNS ke bi; a sa DNSStubListener=no cikin /etc/systemd/resolved.conf a sake tayar da shi.

Inda ta fi ba da wahala shi ne wuta, kuma a nan za a san ko ta dace da gidanka. Rauta na farfaɗowa cikin minti ɗaya bayan an kawo wuta, Pi kuwa in aka ɗauke tana cikin rubutu a katin memori, katin na iya lalacewa, kuma Pi-hole mai yawan rubutu ce tunda tana adana tarihin tambayoyi na kwana 91. Ga kuma agogo: Pi 4 zuwa ƙasa ba su da agogo mai batir. In an kunna DNSSEC, tsarin tantance sahihancin amsoshin DNS, kuma lokaci ya kauce, sai ta riƙa ƙin amsoshi na gaskiya, ita kuma tana buƙatar DNS kafin ta gyara lokacin. Kaza da ƙwai ke nan. Maganin bai da tsada: ƙaramin UPS (batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta) na rauta mai fitar da 5V, kati mai juriya irin na kyamarar tsaro, da rage kwanakin tarihin zuwa 7 ko 14. Pawa bank na iya yi, amma da yawansu suna yanke wuta na daƙiƙa guda lokacin da caji ya shigo ko ya tafi, wannan kuwa ya isa ya kashe Pi.

Mutane da yawa kan sa 8.8.8.8, DNS na Google, a gurbin DNS na biyu don kada gida ya rasa intanet in Pi ta mutu. Kuskure ne. Waya ba ta jiran na farko ya mutu kafin ta tambayi na biyu, sai talla ta riƙa sulalowa. Na biyun ma ya zama wata Pi-hole ɗin, ko a bar gurbin fanko. Haka Private DNS na Android da Secure DNS na Chrome, in an ɗora su kan wani kamfani, zagaye ta suke yi, haka ma DNS na IPv6 (sabon tsarin adireshin intanet) da rauta ke rabawa da kansa. Ƙananan MiFi da dama ba sa barin a taɓa DNS sam. A irin wannan, a kashe DHCP ɗinsu, wato mai raba wa na'urori adireshi, a kunna na Pi-hole, in sun yarda da hakan ma.

Tallan YouTube dai ba ta iya masa, domin daga gida ɗaya yake fitowa da bidiyon. Na Facebook da Instagram ma haka. Sakamakon Google na sama mai alamar talla zai daina buɗewa. Jerin sunayen toshewa na StevenBlack da take zuwa da shi ya wadatar. Masu tara jeri goma su ne ke wayar gari manhajar banki ta ƙi buɗewa. In hakan ta faru, a duba Query Log, shafin tarihin tambayoyi, a ga sunan da aka toshe, a halatta shi. Wannan shafin kuwa yana nuna inda kowace waya ta leƙa, ya kamata mutanen gida su san da haka.

Kada a taɓa buɗe ƙofa ta 53 ga waje, ɓata-gari na amfani da irinta wajen kai hari. Mai son ta a tafiya ya bi ta manhajar VPN irin WireGuard ko Tailscale. Wanda yake son DNS mai ɓoye tambayoyi ba tare da ƙarin haɗe-haɗe ba, AdGuard Home, wata manhaja irin Pi-hole, ta zo da shi a ciki. Ga gidan da ke da sola ko inbata da rauta mai barin a sauya DNS, Pi-hole ta cancanci yammaci guda na aiki. Mai MiFi a aljihu kuwa, abin toshe talla na uBlock Origin a burauzar Firefox zai fi masa.