Wata Shida a Wani Kulob ɗin Ƙwallon Raga na Magidanta a Kaduna

Lokacin da likita ya shaida mini cewa jinina ya fara hawa, ya kuma umarce ni da motsa jiki a kai a kai, ƙwallon ƙafa ce ta fara zuwa mini a rai, domin da ita na tashi. Na je wani filin haya sau huɗu, amma gudu da taho-mu-gamar matasan da na tarar a can sun fi ƙarfin jikin ɗan shekara 46, kuma na dawo gida da ciwon idon sawu. Wani abokin aikina ne ya kai ni wannan kulob, wanda ya ware wa magidanta ranakun Talata, Alhamis da Asabar, daga bayan La'asar zuwa kiran Magariba, a kan kuɗin wata da bai fi ƙarfin ma'aikaci ba.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ragar da ke tsakiyar fili, domin ita ce ke hana abokin hamayya ya bangaje ka ko ya taka maka ƙafa. Tsawon filin mita 18 ne, faɗinsa mita 9, kuma mutum shida ke kowane ɓangare, saboda haka wurin da kowa yake tsarewa bai wuce 'yan taku kaɗan ba. Tun asali ma don irinmu aka yi wasan. William Morgan, malamin motsa jiki a ƙungiyar matasa Kiristoci ta YMCA da ke garin Holyoke a Amurka, ya ƙirƙiro shi a 1895 domin manyan mutane, galibi 'yan kasuwa, waɗanda ƙwallon kwando ta yi wa tsanani.

Mai horarwar kulob ɗin shi ne babban abin yabo a wurin. Ba ya barin kowa ya taɓa ƙwallo sai an yi kusan minti 15 ana ɗumama jiki, musamman kafaɗu da gwiwoyi, ko da wanda ya makara Alhajin da ya haife shi ne. Ya shafe mako biyu yana koya mini tarar ƙwallo da hannaye biyu a haɗe, da ɗaga ta da yatsu, kafin ya bar ni na shiga wasa sosai, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. Yana kuma tsayawa a kan ƙa'idar zagayawa, wato duk lokacin da ƙungiya ta karɓo sabis (bugun da ake fara wasa da shi) kowa ya matsa gurbi na gaba, don haka babu wanda ake mantawa da shi a gefe kamar yadda ake yi wa mai rauni a ƙwallon ƙafa. Ƙwallayen da suke amfani da su na Mikasa ne, masu taushi a hannu.

Inda nake da ƙorafi shi ne daɓen filin. Siminti ne tsura, kuma ragar maza tana da tsayin mita 2.43, saboda haka duk wanda yake son dukan ƙwallo daga sama dole ya yi tsalle ya diro a kan wannan tauri. Bayan wata biyu gwiwata ta dama ta fara ciwo, har sai da na sayi takalmi mai kaurin tafi na kuma rage tsalle. Mai tsohon ciwon gwiwa ko na baya ya kamata ya ga likita kafin ya biya kuɗinsa. Filin kuma a buɗe yake, don haka a watannin Disamba da Janairu iskar hunturu takan karkatar da ƙwallo, ƙura kuma ta dami masu asma.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin akwatin agajin gaggawa, alhali targaɗen yatsa abu ne da ke faruwa a kai a kai a wannan wasa, kuma yawancinmu mun haura 40, wasu na shan maganin hawan jini ko na suga. Mun rubuta wa hukumar kulob ɗin takarda a kan haka, mun kuma nemi a ajiye ƙanƙara da na'urar awon jini. Kafin amsarsu ta zo, mu goma sha huɗu mun yi karo-karo mun sayi bandeji da man zafi, kuma na riga na biya kuɗin wata na bakwai.