Tayin sauya ɗaki a jirgin ruwan shaƙatawa: baranda ta cancanci kuɗinta?

Duk wanda ya biya kuɗin tafiya a ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa, 'yan makonni kafin ranar tashi yakan ga saƙo ya shigo masa ta imel, ana gayyatarsa ya taya ɗakin da ya fi wanda ya saya. Kamfanin Royal Caribbean yana kiran wannan tsari RoyalUp, Norwegian yana kiran nasa Upgrade Advantage, kuma MSC da wasu kamfanonin suna da irinsa. Tsarin gwanjo ne, sai dai ba ka ganin abin da sauran fasinjoji suka taya: kamfani zai sa mafi ƙarancin kuɗin da zai saurara, kai kuma ka rubuta abin da za ka iya ƙarawa, ka ba da lambar katin bankinka, sannan ka zauna jira, wani lokaci har zuwa jajiberin tafiya. Idan an sallama maka, nan take za a cire kuɗin, ba a mayar da shi, kuma tsohon ɗakinka ya tafi ga wani. Na kwana a ɗakin ciki marar taga, na kuma kwana a mai baranda, kuma ra'ayina shi ne baranda tana da amfani na gaske, musamman ga magidanci Musulmi da ke tafe da iyalinsa, amma gwanjon nan ba shi ne hanyar da ta fi dacewa a same ta ba.

Ɗakunan waɗannan jirage kashi huɗu ne: na ciki wanda ba shi da taga ko kaɗan, mai taga da ba ta buɗuwa, mai baranda, sai kuma manyan ɗakuna irin ciki da falo. Abin da hotunan talla ba sa nunawa sosai shi ne cewa kashi uku na farko ba su da wani babban bambanci a faɗi. Ɗakin ciki a yawancin jiragen zamani yakan kai murabba'in mita 14 zuwa 16, mai baranda kuma 16 zuwa 18, ban da barandar kanta wadda ba ta cika wuce murabba'in mita 4 ko 5 ba, wato kujeru biyu da ɗan ƙaramin tebur. Banɗakin kusan iri ɗaya ne, gadon iri ɗaya ne, abincin da za a ci da wuraren da za a shiga a jirgin duk ɗaya ne. Saboda haka wanda ya ƙara ɗaruruwan daloli yana tsammanin zai samu fili mai yawa zai ji ba a kyauta masa ba. Abin da ake saya da wannan ƙarin kuɗi haske ne da iska da keɓewa.

Ɗakin ciki bai cancanci rainin da ake yi masa ba. Yana da tsabta da sanyi, akwatuna suna shigewa ƙarƙashin gado, kuma da yake bangon ƙarfe ne, ana iya manna maratayi mai maganaɗisu a rataye riguna da mayafai. Duhunsa cikakke ne, wanda ya sa barci a cikinsa yake da nauyi ƙwarai. Wannan alheri ne ga wanda ya gaji, amma ga mai son tashi sallar asuba dole ne ya dogara da ƙararrawar waya, domin babu wata alama da za ta nuna masa gari ya waye. Matsalar da na fi ji a cikinsa ita ce wurin shimfiɗa darduma. Idan an haɗe gadaje biyu sun zama ɗaya, abin da ya rage ɗan lungu ne tsakanin gado da ƙofa, mutum ɗaya zai yi salla a ciki, amma miji da mata su yi jam'i sai an roƙi mai kula da ɗaki ya raba gadajen. Idan kuma akwai yara da ke kwana a gadajen da ake saukowa da su daga rufi, mai tsawo ba zai iya miƙewa sosai a ƙarƙashinsu ba. Royal Caribbean ya fara sa wa wasu ɗakunan ciki babban allo mai nuna teku kai tsaye tun shekarar 2014, abin yana rage ƙunci, amma bai ƙara faɗi ko iska ba.

A ɗaki mai baranda, tsarin yakan ba da ɗan fili tsakanin gado da kujerar zama, kuma wannan filin ya ishi mutum biyu su tsaya salla. Ƙofar gilashi tana nuna ketowar alfijir da faɗuwar rana, wanda a tsakiyar teku, inda agogon jirgi kan sauya daga wannan ƙasa zuwa waccan, ya fi kowace manhajar waya kwantar da hankali wajen sanin lokaci. Ganin inda rana take yana kuma taimakawa wajen kirdadon alƙibla, tare da tashar talabijin ɗin ɗaki da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa. Amma abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci a wurina shi ne sutura. Saman jirgi, inda sauran fasinjoji ke zuwa shan iska, wuri ne na tafkin wanka da kiɗa da mashaya, kuma suturar mutanen da ke wurin ba irin wadda iyalinmu suka saba zama a cikinta ba ce. Matar da ke ɗakin ciki, idan ba ta son wannan cunkoso, za ta iya wuni guda ba ta ga sararin sama ba. Mai baranda kuwa za ta zauna ta sha shayi, ta karanta Alƙur'ani, ta kalli teku, ba tare da ta ratsa taron jama'a ba, duk da cewa katangar da ke tsakanin baranda da baranda ba ta hana jin muryar maƙwabci, kuma a wasu jiragen na hawa na sama suna iya hango na ƙasa. Ga dattijo ko dattijuwar da tafiya mai nisa a cikin jirgi ke wahalarwa, baranda ita ce rabin daɗin tafiyar, domin jirage irin Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 tsawonsu ya haura mita 360.

Duk da haka, hanyar da jirgi zai bi ita ce ke yanke hukunci. Tafiyar mako guda a yammacin Bahar Rum, wadda ke tashi daga Barcelona ta biya Marseille da Genoa da Civitavecchia da Palma, kusan kowace rana a tashar ruwa take. Jirgi yakan tsaya da safe, fasinjoji su fita, a dawo da yamma a gajiye. Ranar Civitavecchia kaɗai, zuwa birnin Rum tafiyar kusan kilomita 80 ce, ga dawowa, ga yawo a ƙafa, don haka abin da mutum ke nema a ɗaki da dare wanka ne da gado. Sau da yawa ma abin da baranda ke kallo a irin waɗannan tashoshi kwantenoni ne da injinan ɗaga kaya. A irin wannan tafiya, kuɗin baranda ya fi amfani idan aka kashe shi a kan mota da ɗan jagora a gari. Amma a mashigin ruwan Geiranger na ƙasar Norway, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005, jirgi yana ratsa tsakanin duwatsu ne a hankali, ruwa na zubowa daga samansu, kuma kallon nan shi ne abin da aka biya kuɗi a gani. Haka yake a Glacier Bay ta Alaska, inda ba a barin manyan jirage fiye da biyu su shiga a rana, kuma matuƙi kan juya jirgin a gaban dutsen ƙanƙara domin kowane gefe ya samu rabonsa. Tafiyar da ke da ranaku da yawa a tsakiyar teku ita ma tana cikin wannan sahu. A nan ba na jinkirin cewa a biya.

Baranda tana da dokokinta. Yawancin kamfanoni sun hana shan taba a cikinta, kuma ɗaya daga cikin dalilan tsananta wannan doka shi ne gobarar jirgin Star Princess a watan Maris na 2006 kusa da Jamaika, wadda ta tashi daga baranda, ta cinye ɗakuna masu yawa, mutum ɗaya ya rasu. Ba a son a shanya tufafi a can, kuma a jirage da dama idan aka bar ƙofarta a buɗe na'urar sanyaya ɗaki takan tsaya. Mai ƙananan yara dole ya kula sosai: dokar Amurka ta 2010 ta wajabta wa jiragen da ke zuwa tashoshinta shinge mai tsawon inci 42, wato ɗan sama da mita ɗaya, amma yaron da ya hau kujera ya riga ya rage wannan tsawo, don haka makullin da ke can sama a ƙofar baranda ba abin sakaci ba ne.

Babban aibin gwanjon shi ne ba ka zaɓar inda sabon ɗakin yake. A jirgin ruwa, wurin da ɗaki yake yakan fi girmansa tasiri a kan barci da lafiya. Tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa shi ne inda tangaɗi ya fi sauƙi, goshin jirgi da hawa na sama kuma su ne suka fi jijjiga idan teku ta motsa, don haka mai saurin jiri da tashin zuciya da ya zaɓi ɗakin ciki a tsakiya zai iya biyan ƙarin kuɗi a kai shi inda zai kwana da amai. Ɗakunan da ke rage wa kamfani har zuwa makon ƙarshe galibi su ne waɗanda masu zaɓe suka tsallake: wanda ke ƙarƙashin wurin cin abinci, inda ake jan kujeru tun kafin asuba, ko wanda ke saman zauren kiɗa, ko wanda kwale-kwalen ceto ya tare masa rabin teku. A wani jirgi da na bi, barandarmu tana ƙarƙashin farfajiyar tafkin wanka, rufin da ya zarto ya hana rana shigowa, kuma ƙarar wanke daɓe da sassafe ba ta bari a koma barci bayan salla. Akwai kuma lissafin da ke ruɗa mutane, domin kuɗin da aka taya na mutum ɗaya ne, ana ninka shi biyu bisa mutum biyu na farko a ɗaki, ko da mutum ɗaya ne zai kwana a ciki. Ga wanda ke sayen dala da naira ko sefa, wannan ninki ba ƙaramin abu ba ne. Mafi muni ga iyali, idan kun kama ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, ana iya karɓar tayin ɗaya a bar ɗaya, ko a karɓi duka biyu a raba ku hawa daban-daban, sai ga iyaye a hawa na goma yara a na takwas.

Game da manyan ɗakuna irin ciki da falo, nan ne ake samun faɗi na gaske, sau da yawa ninki biyu na ɗaki mai baranda ko fiye, da banɗaki mai yalwa wanda alwala a cikinsa ba ta jiƙa ko'ina. MSC ya buɗe sashen da yake kira Yacht Club a 2008 a jirgin MSC Fantasia, Norwegian kuma yana da The Haven. Sassa ne keɓaɓɓu masu nasu wurin cin abinci da tafki da hadimi na musamman, kuma ba a bin dogon layi wajen shiga da fita. Natsuwar wurin abar so ce. Sai dai wani ɓangare na farashin, a Yacht Club misali, kuɗin abin sha ne har da giya mai tsada, wanda Musulmi zai biya bai amfana ba, kuma a kamfanoni irin Royal Caribbean kuɗin hidimar ma'aikata da ake cirewa kullum a kan kowane mutum ya fi yawa a manyan ɗakuna. Ɗaki na yau da kullum ba ya ɗaukar fiye da mutum huɗu a mafi yawan jirage, shi ya sa mai iyali biyar ko shida yakan fara tunanin babban ɗaki, amma idan ya zauna ya yi lissafi, ɗaki mai baranda ɗaya da wani a maƙale da shi, ko na ciki da ke fuskantarsa a ƙetaren hanya, yakan zo da rahusa, ya ba da banɗaki biyu, ya kuma raba makwancin iyaye da na yaran da suka tasa, wanda ciki da falo mai labule a tsakani ba ya yi.

A jirgin AROYA na Saudiyya, wanda ya fara tashi daga Jidda a watan Disamba na 2024, ba a sayar da giya kuma akwai wuraren salla, don haka dalilin sutura da na ambata ya ragu ƙwarai, kuma zafin Bahar Maliya da rana ba ya barin a daɗe a baranda. A can ɗaki mai taga ya wadatar da yawancin mutane.

Wanda ya ga cewa tafiyarsa da iyalinsa suna buƙatar baranda, shawarata ita ce ya buɗe taswirar hawa-hawa ta jirgin a shafin kamfanin, ya nemi ɗakin da ke da ɗakunan kwana a samansa da ƙasansa, kusa da tsakiya, ya duba farashinsa na ranar, sannan ya kira kamfanin ko wakilin da ya sayar masa da tikiti ya tambayi nawa zai cika a ba shi wannan lambar ɗakin takamaimai. Sau da yawa cikon bai fi abin da zai taya a gwanjo da yawa ba, wani lokaci ma farashin ya sauka tun bayan da ya biya. Gwanjon ya dace ne da mutum biyu marasa yara, waɗanda tangaɗin teku ba ya damunsu, kuma ɗakin da suke riƙe da shi ba su suka zaɓi wurinsa ba tun farko. Su ma kada su taya fiye da rabin cikon da kamfanin ke nema a fili.