Cocin 'Yan Najeriya ko na Unguwa: Zaɓin Ɗalibi a Ingila

Cocin 'yan Najeriya, irin su RCCG (Redeemed Christian Church of God), akwai kiɗa, dafa-duka bayan sujada, da masu nuna maka ɗakin haya mai sauƙi. Matsalarsa lokaci: sujada kan kai awa 2 zuwa 3, ga nisa, motocin bas kuma sun ragu ranar Lahadi. Mai bizar karatu da aka ƙayyade wa aikin awa 20 a mako, yawanci ƙarshen mako yake samun aikin, sai aikin ya yi karo da sujada. Hausa kuwa da wuya ka ji ta a can.

Cocin Anglikan na unguwa da ƙafa za ka je, awa 1 an tashi. Sai dai tsofaffi sun fi yawa, sabo kuma sai a hankali. Tsaya shan shayi bayan sujada, nan ake sanin juna. A watannin hunturu, na unguwa ya fi.