Buhun Dafodil na Dutch Master: Abin da Na Gani Bayan Fitowa Biyu

A farkon Oktoban bara waccan na yi odar albasar furen dafodil ta intanet, guda 25, nau'in da ake kira Dutch Master. A Lesta nake zaune, a Ingila, kuma bayan gidanmu ɗan fili ne da bai fi shimfiɗar tabarma shida ba, ƙasarsa laka mai riƙe ruwa. Gidan maƙwabciyata ne ya sa mini kwaɗayi, wata tsohuwar Baturiya da duk watan Maris bakin dangarta ke komawa ruwan ɗorawa tun bishiyoyi ba su yi toho ba. Yanzu nawa sun fito sau biyu, na samu bakin magana.

Kayan sun iso cikin kwana huɗu, a buhun raga irin na albasa. Da na zazzage su ina latsawa ɗaya bayan ɗaya, uku sun yi laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir, ɗaya kuma ta yi fumfuna a gindi. Na rubuta wa kantin, bayan mako guda suka aiko da ban haƙuri, ba su aiko da madadi ba. Sauran 21 dai manya ne, masu nauyi a hannu, wasu ma da 'ya'ya a gefe.

Kafin in shuka su aka kusa yin ɓarna. A lokacin surukata ta zo mana ziyara, ni kuma na ajiye buhun a ƙasan teburin kicin. Na dawo daga kai yara makaranta na tarar ta ɗauko biyu, wuƙa a hannu, tana sunsunawa.

"Wannan wace irin albasa ce ba ta da wari?"

"Inna, ajiye! Ba ta ci ba ce, guba ce."

Ta dube ni ta ce to me ya kawo guba kicin. Ban da amsa. Duk jikin dafodil yana da guba, amma ta fi yawa a albasar, tana sa amai da gudawa da murɗar ciki. Ba mu kaɗai abin ya taɓa rikitawa ba: a 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta rubuta wa manyan kantuna cewa su daina jera dafodil kusa da kayan miya. A kan buhun nan kuwa gargaɗin yana can ƙasa da rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Wannan ya fi ruɓaɓɓun huɗun nan ɓata mini rai.

Takardar ta ce a haƙa rami mai zurfin tsayin albasar sau uku, wajen santimita 15, tsinin yana kallon sama. Sha uku na farko na yi musu yadda aka ce, har da barbaɗa tsakuwa a ƙasan ramin saboda kada ruwa ya kwanta musu. Daga nan bayana ya ƙage, yayyafi ya fara, sai na tura sauran takwas a bakin danga, ƙasar da ke kansu ba ta fi yatsa biyu ba. Na ce ai fure ne, ba rijiya ba.

Ƙarshen Janairu tsinin ganye ya fara leƙowa cikin raɓar da ta daskare. Tsakiyar Maris duka 21 suka buɗe. Tsayinsu ya kusa gwiwata, karan kuma da ƙwari, iska ta yi ta kaɗa su ba su kwanta ba. Furen ganye shida ne a baje, a tsakiya kuma doguwar ƙaho mai buɗaɗɗen baki kamar na algaita, bakin a ɗan tattare. Tsayin ƙahon nan ne ya sa aka sa shi a rukuni na farko cikin 13 da masana furanni na Birtaniya suka kasa dafodil: dole ƙahon ya kai tsayin ganyen furen ko ya fi. Maƙwabciyata tana kiran nata King Alfred, tsohon nau'in nan na 1899, amma da muka jera nata da nawa a hannu ko ita ta kasa bambanta su.

Shekara ta biyu ce ta tona mini asiri. Sha ukun nan sun dawo, wasu da kara biyu. Takwas na bakin danga kuwa ganye zalla suka yi, kore shar, fure ko ɗaya babu. Laifina ne, ba na kanti ba.

Kurege bai taɓa su ba, shi da ya tone mini albasar wani fure mai suna tulip tas a shekarar. Katantanwa mara ɓawo kam tana ɗan gutsurar bakin ƙahon da dare. Abin da ba a nuna wa mai saye a hoto shi ne bayan fure: dole a bar ganyen aƙalla mako shida yana kwance yana yaushi, don da shi albasar ke tara abincin baɗi. Maigidana ya yi ta zagaya su da injin yankan ciyawa yana gunaguni. In kuma za ki yanko su ki sa a kwalba, ki ba su tasu daban, ruwan karansu mai yauƙi yana sa tulip yaushi da wuri.

Ƙanwata a Kano ta ga hotunan ta ce in aiko mata. Na ce ta haƙura, abin nan sai ya kwana kusan wata uku cikin ƙasa mai sanyin firij kafin ya yi fure, hunturun Kano bai kai nan ba.

Dutch Master zan sake saye, amma ba ta intanet ba, da ƙafata zan je in latsa kowace ɗaya. Takwas ɗin nan na tono su a Yuli bayan ganyen ya bushe. Suna cikin kwali a saman kabad ɗin gareji, na rubuta "GUBA" a jiki da jan alƙalami, suna jiran Satumba.