Ɗan rakiyar Dutsen Kufena: ya san tarihi, amma da sauri yake tafiya

Ranar Asabar na ɗauki ɗan rakiya daga cikin samarin da ke jiran baƙi a gindin Kufena, kusa da Zariya, ta ɓangaren Wusasa. Kuɗinsa ba yawa, mun daidaita ba ja-in-ja.

Yaron ya iya bakinsa. Ya nuna mana ragowar ganuwar ƙasa da ta kewaye dutsen, ya bayyana yadda sarautar Zazzau ta taso daga Turunku a zamanin Bakwa, wajen 1536, ta zauna nan kafin a koma birnin Zariya. Ya tsuguna ya tono wani ɓallin tsohuwar tukunya, baƙi ƙirin ta ciki, ya ce mu taɓa mu mayar inda yake. Wannan ya burge ni, don wasu da aljihu suke cikawa.

Daga sama ya nuna cocin Wusasa na 1929, ginin ƙasa irin namu, ya kawo labarin Dokta Miller, Baturen mishan. Ya kuma san Baturen nan mai yawon binciken ƙasashe, Kilafatan, ya ratso Zariya a 1826. A kan Sarauniya Amina dai ya ɗan zuba gishiri, har da aljanu.

Inda na ga gazawarsa: sauri. Na ce, "Ɗana, yi a hankali, gwiwa ta tsufa." Ya ce, "To Baba," bai rage ba. Kuma bai gargaɗe mu kan ruwan sha ba. Ku taho da naku, da takalmi mai kama dutse, ku hau kafin hantsi.