Ofishin Shawara Kan Shaye-shaye a Asibitin da Ƙanena Ke Karɓar Magani

Duk mai ɗan'uwa namiji da ke ɗauke da HIV kuma yana taɓa ƙwaya ko giya, ya tambayi asibitinsu ko suna da mai ba da shawara kan shaye-shaye. Asibitin da muke zuwa a Kano yana da shi, ɗan ƙaramin ofis a bayan ɗakin ba da magani, kuma na ga amfaninsa da idona.

Ƙanena direban adaidaita sahu ne. An ɗora shi kan TLD, maganin HIV ne, ƙwaya ɗaya a rana da ta haɗa tenofovir, lamivudine da dolutegravir, kyauta ake bayarwa. Amma da aka auna yawan ƙwayar cutar a jininsa, sai aka ga ta haura 1000, wato maganin bai danne ta ba. Nas ta ce lallai yana tsallake kwanaki. Shi kuwa ya yi ta rantsuwa yana sha.

Malamin ofishin ne ya gano bakin zaren, kuma bai fara da wa'azi ba. Ya ja masa kujera, ya kira shi "ƙanena", suka taɓa hirar tsadar mai da kuɗin balas. Can ya tambaye shi ko yana haɗiyar maganinsa ranar da ya sha tiramol don ya jure aiki har dare, ko ranar da suka kurɓi giya da abokai. Yaron ya sunkuyar da kai yana murza makullin mashin ɗinsa. Ashe a majalisarsu aka gaya masa wai in maganin ya haɗu da kayan maye hanta za ta lalace nan take, shi ya sa yake ɓoye kwalbar maganin ƙarƙashin katifa har sai ya wartsake. Malamin ya ce maza da yawa haka suke yi, kuma wannan tsallaken ne ke bai wa cutar damar farfaɗowa, har ta kai ga bijire wa magani. Ya nanata masa cewa ko ya sha wani abu, kada ya bar maganinsa na ranar, maganar daina shaye-shayen kuma za su bi ta sannu a hankali. Wallahi wannan bayanin kaɗai ya biya wahalar layin.

Bai ɓoye masa haɗarin ba. Ya tura shi gwajin ciwon hanta nau'in B, ya bayyana cewa giya na ƙara wa hanta nauyi, musamman ga mai shan isoniazid na rigakafin tarin fuka. Tiramol kuwa, in aka zarce kima yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma wanda ya saba ba ya yanke shi dare ɗaya, shi ya sa ya haɗa mu da likitan ƙwaƙwalwa. Bayan zaman shawara na wata-wata har uku aka sake gwaji, adadin ƙwayar HIV a jininsa ya sauka ƙasa sosai.

Sai dai akwai gyara. Mutum ɗaya ne ke riƙe da ofishin, rana ɗaya a mako. A ƙasarmu da wani bincike na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, wannan ya yi kaɗan ƙwarai. Ƙofar ma labule ce, na kan benci suna jin komai, kuma na ga wani dattijo ya tashi ya tafi kafin a kira katinsa, ina kyautata zaton kunya ce ta kore shi. Wasu gwaje-gwajen hanta kuma sai ka biya daga aljihunka, ba wanda zai gaya maka tun farko.

Idan za ku je, ku yi sammako, ku riƙe kwalbar magani da ragowar ƙwayoyin ciki, domin ana ƙirgawa. Kai ɗan rakiya, in aka zo tambayar shaye-shaye, ka fita waje ka ba su wuri. Ƙanena bai faɗi gaskiyar yawan abin da yake sha ba sai da na bar ɗakin.