Littattafan Jaz Huɗu da Suka Kwana a Gidana

Shekara 11 ina zaune a Bronx, a birnin New York, amma kiɗan jaz, wanda baƙaƙen Amurka suka ƙirƙiro, bai taɓa shiga lissafina ba. Nakan ji shi a ɗakin jiran likita ko a tashar jirgin ƙasa, in wuce abina. Sai a watan Fabrairun bana, watan da makarantun Amurka ke ware wa tarihin baƙaƙen fata, malamar babbar 'yata ta ba su aiki: kowa ya zaɓi makaɗi ɗaya, ya karanta labarinsa, ya zo ya faɗa wa aji. Ranar Asabar na kwashe su su uku, mai shekara 9, mai shekara 6 da auta mai shekara 3, muka nufi laburaren unguwa. Matar da ke kula da sashen yara ta zaro mana littattafai huɗu masu hotuna, duk da Turanci. Mun ƙudura za su yi mako guda. Sun fi wata biyu a gidan, biyu daga ciki ma sai da na saya.

Awon da na auna su da shi guda ɗaya ne, shi ma ba ni na ƙirƙira ba, yaran ne suka nuna mini. Littafi ba ya busa, ba ya kiɗa. Saboda haka idan aka rufe shi yaro ya ce "Mama, kunna mana mu ji," to littafin ya yi aikinsa. Idan kuwa ya miƙe ya nufi talabijin, an yi asarar dare.

Wanda ya fi cin wannan jarrabawa shi ne Trombone Shorty, wanda ya fito a 2015. Mai labarin ne ya rubuta da kansa, wato Troy Andrews, mabushi ɗan unguwar Tremé a birnin New Orleans, Bryan Collier kuma ya yi zanen. Labarin yaro ne da ya tashi a unguwar da kiɗa yake kamar iskar shaƙa. Yayansa James mabushi ne, shi kuwa da abokansa ba su da kuɗin kayan kiɗa, sai su mayar da kwalin lemo ganga, fensir ya zama makaɗi, kwalabe su zama abin busa. Wata rana ya tsinci wani karyayyen tirombon, wato dogon ƙahon nan na tagulla da ake ja ana turawa, wanda ya ninka shi tsawo. Ya shiga jerin gwanon makaɗa da shi yana tafe yana faɗuwa, daga nan laƙabin ya bi shi.

Inda ɗana na tsakiya ke riƙe numfashi kullum shi ne wurin babban bikin jaz na New Orleans. Shahararren mawaƙin nan Bo Diddley yana kan dandamali, sai ya ji wani yana busa daga cikin taro. Ya dakatar da kiɗa ya tambayi ko wane ne. Jama'a suka ɗaga yaron, wannan ya miƙa wa wancan ta saman kawuna har ya isa dandamali. Karon farko da na karanta, ɗana ya ce ƙarya ne, tatsuniya ce. Sai na buɗe shafukan ƙarshe, ga hoton gaske: ɗan tsurut da ƙaton ƙaho kusa da Bo Diddley. Ya yi shiru ya fi minti guda yana kallo. Wannan dabarar ta sa hotunan gaskiya a bayan littafi ta fi duk wani dogon bayani tasiri a wurin yaro mai shekara 6.

Zanen Collier haɗin fenti ne da yankakkun takardu da aka liƙa, sai ka ga kamar za ka iya ɓamɓaro rigar mutum da farce (auta ta gwada, Allah ya rufa asiri). Ya ci lambar yabo ta Caldecott da kyautar Coretta Scott King, manyan kyaututtukan littattafan yara a Amurka, a 2016, kuma ban ga zalunci a ciki ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda marubucin ya kwatanta kiɗan garinsu da gumbo, wata miya tasu da ake zuba mata duk abin da ya samu, sau da yawa har da kuɓewa. Da na ce wa yaran "dafa-duka ce ta kiɗa," ban sake buƙatar wani bayani ba. Littafin da zan iya juyawa zuwa Hausa a bakina ina karantawa ba tare da ya zube ba, wannan littafi ne mai ƙashi.

Shi na fara saya. Sabo mai kaurin bango bai kai dala 20 ba, amma rowa ta sa na nemi na hannu a intanet. Ya iso da shafi biyu a manne da abin da nake fatan madara ce, kuma daidai shafin Bo Diddley. Araha ba ta ado. Na koma na sayi sabo.

Babbar 'yata kuwa Little Melba and Her Big Trombone ta zaɓa don aikin makarantarta. Katheryn Russell-Brown ta rubuta, Frank Morrison ya zana, ya fito a 2014. Melba Liston an haife ta a Kansas City a 1926. Tana shekara 7 ta ƙyalla ido ta ga tirombon ta ce shi take so, alhali hannunta bai kai ƙarshen abin jan ba. Kakanta ya nuna mata yadda ake riƙewa, saura ta koya wa kanta, tana shekara 8 har an ji busarta a gidan rediyon garinsu. Daga baya suka koma Los Angeles, kafin ta cika 20 ta shiga ƙungiyar makaɗa ta Gerald Wilson, ita kaɗai mace a tsakiyar maza. Morrison yana zana mutane da dogayen hannuwa da ƙafafu, kowa a lanƙwashe kamar kiɗan ne ke lanƙwasa shi, kuma hakan ya dace da abin busan da ake miƙewa ana dawowa.

Wannan littafin bai ɓoye ɗaci ba, shi ya sa nake girmama shi. Ya nuna yadda wasu mazan ƙungiya suka riƙa yi kamar ba ta wurin, ya kuma nuna tafiyar da suka yi kudancin Amurka tare da mawaƙiya Billie Holiday, inda baƙin mutum zai cika zaure da jama'a da daddare amma a hana shi ɗakin kwana a otal. A nan 'yata ta ɗago ta ce, "Mama, to a ina suka kwana?" Tambayar ta cinye mana sauran daren, tun daga dokokin wariya har zuwa dalilin da ya sa ake da watan Fabrairun da ya kawo mu ga littafin. Kukana da shi ɗaya ne: ƙarshensa ya yi gaggawa. Mafi girman aikin Melba shi ne tsara kiɗa, wato zama ta rubuta abin da kowane mabushi zai busa, kuma an ɗan taɓa wannan an wuce. Ita ce ta tsara wa makaɗin fiyano Randy Weston faifansa Uhuru Afrika na 1960, shekarar da ƙasashenmu suka yi ta karɓar 'yancin kai. Na so a ce an zauna a kan wannan, ko da shafi biyu ne.

Sai kuma wanda na raina. Charlie Parker Played Be Bop na Chris Raschka, 1992. Na buɗe shi a laburare na ce wannan ai wasa da hankali ne. Kalmomin ba su taka kara sun karya ba, rabinsu ma ba su da ma'ana, ga takalma suna tafiya su kaɗai, ga tsuntsaye, ga wata kyanwa mai ɓacin rai. Babu ranar haihuwa, babu gari, babu labari. Wanda ke son ya san cewa an haifi Parker a 1920, ya rasu a 1955 yana da shekara 34, ko cewa shi da Dizzy Gillespie ne suka jagoranci salon bibop, wato jaz mai saurin bugu, a shekarun 1940, sai ya nemi wani wurin. Na karanta shi sau ɗaya da muryar karanta sanarwa, auta ta zame daga cinyata ta tafi.

Baban yara ne ya gano bakin zaren. Ya ce, "Ke, wannan ba karantawa ake yi ba, rerawa ake yi." Ya kunna wani kiɗan bibop mai suna A Night in Tunisia a waya, ya ɗauki littafin yana bin bugun da baki yana kaɗa ƙafa. Sai ga kalmomin banzan nan sun zauna daram a kan kiɗan, kowace a gurbinta. Auta ta dawo da gudu. Mako uku bayan nan babu daren da ba a yi shi sau uku ba, har ta haddace, tana wanka tana yi, tana cin tuwo tana yi. Na janye raini na, amma da sharaɗi. Littafi ne na 'yan shekara 2 zuwa 4, kuma ba ya fassaruwa ko kaɗan, domin sauti ne zalla. Uwar da ke jin nauyin yin shirme da baki a gaban 'ya'yanta kada ta ɓata kuɗinta. Ni kaina sai da na tabbatar surukata Hajiya ta shiga ɗaki kafin na gwada.

Na huɗun, Duke Ellington: The Piano Prince and His Orchestra, na Andrea Davis Pinkney da mijinta Brian Pinkney, 1998, shi ne mafi kyau a ido kuma mafi wuya a baki. Zanen kankare ne, ana shafe allo da baƙi a kankaro hoton da tsinke sannan a sa launi, sai sautin ƙahonni ya fito yana murɗewa kamar hayaƙin turaren wuta. Akwai abin koyo sosai: yaron da aka haifa a Washington a 1899, wanda ya fi son wasan ƙwallo a kan darasin fiyano, ya zo ya riƙe kiɗan gidan rawa na Cotton Club a unguwar Harlem daga 1927, ya kai kiɗansa zauren Carnegie a 1943. Da muka zo kan Cotton Club na tsaya na gaya musu cewa baƙaƙe ke kiɗa a wurin amma farare ne ke zaune a kujeru. Sai dai rubutun cike yake da karin maganar makaɗan wancan zamani, har ni mai karantawa nakan yi tuntuɓe. Na tsakiya ya yi barci a shafi na shida. Babbar ta kai ƙarshe, amma ba ta ce a kunna ba, ni na kunna don kaina. A ba ɗan shekara 9 zuwa sama, ko a ara a laburare a sha kallon hotuna a mayar. Shi da na Raschka aro na bar su, na Melba na saya.

Duk wannan hidimar a gaban surukata aka yi, domin Hajiya ta zo mana hutu daga Kano. Ranar da ta ga na tsakiya yana zagaye falo da bututun kwalin takardar goge hannu a baki, ta leƙa littafin ta ce, "Au, kakaki ne da su su ma?" Na ce kusan haka, sai dai wannan ba sarki ake yi wa ba. Ta dube shi ta ce, "Maigida, in dai roƙo za ka koya, ka nemi wata matar, ni na fita." Wasa take yi, amma na san akwai gaske a ƙarƙashi. Mu mun tashi a inda kiɗa sana'ar gado ce, ɗan wani gida ba ya taɓa ganga, kuma waɗannan littattafai suna ɗaukar makaɗi su ajiye shi a sahun manyan ƙasa. Duk uwar Bahaushiya da za ta kawo su gida ta shirya wa wannan zancen, daga sama ko daga ƙasa.

Abin da ya sassauta Hajiya ba hujjata ba ce. Baban yara ne ya lalubo mata wani tsohon hoto a waya: Louis Armstrong, babban mabushin New Orleans, a Kaduna a 1960, lokacin rangadinsa na Afirka, tare da Sardauna Ahmadu Bello. Ta sa tabarau, ta matso da wayar, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Gamji da kansa?" Aka ce da kansa. Ba ta ce ta yarda ba, amma washegari na ji tana tambayar jikanta ko wancan ɗan ƙaramin mai ƙaho yana raye. Ya ce yana nan, a 1986 aka haife shi, har yanzu yana busa.

Gidan da Armstrong ya zauna daga 1943 har rasuwarsa a 1971 yana Corona, a Queens, nan New York, an mayar da shi gidan tarihi, jirgin ƙasa biyu ne daga wurinmu. Yaran sun sa ni alkawarin zuwa kafin Hajiya ta koma, ita kuma ta ce in ba sanyi za ta bi mu. Littattafan aro biyun sun wuce wa'adinsu da kwana 9 kafin na tuna. Allah ya taimake ni laburaren birnin nan sun daina cin tarar jinkiri tun 2021. Da na miƙa na Raschka a kan tebur, auta ta fasa kukan da ya sa matar ta sake buga mana shi, muka dawo da shi gida.